Wa Ke Naɗawa, Wa Ke Tuɓewa? Jagorancin Ibada A Maguzancin Zamani

A shekarar 2002 wata 'yar ƙaramar ƙungiyar addini a ƙasar Aislan, can ƙuryar arewacin Turai, ta yi abin da manyan addinai kan sha wuya kafin su iya: ta tuɓe babban jagoranta na ibada. Mutumin, Jörmundur Ingi Hansen, ya shekara 8 a kan kujerar. Rikicin shugabanci ya ɓarke tsakaninsa da majalisar gudanarwa, majalisar ta sauke shi, ta ba wata mata mai suna Jónína Kristín Berg riƙon ƙwarya, sannan a 2003 aka naɗa wani fitaccen makaɗi, Hilmar Örn Hilmarsson. Ƙungiyar ba ta rushe ba, sai ma ƙaruwa da ta yi.

Sunanta Ásatrúarfélagið. Mabiyanta sun koma ga allolin da kakanninsu suka bauta wa, irin su Odin da Thor, kafin majalisar ƙasar ta yanke shawarar karɓar addinin Kirista wajen shekara ta 1000. Wani makiyayin tumaki kuma mawaƙin gargajiya, Sveinbjörn Beinteinsson, shi ya jagoranci kafa ta a 1972, gwamnati ta yi mata rajista a 1973, ya kuma riƙe ragamarta har mutuwarsa a 1993. Yau mabiyanta sun haura 5,000 a ƙasar da mutanenta ba su kai 400,000 ba. Jagororinta na ɗaura auren da doka ta amince da shi, suna raɗa wa jarirai suna, suna binne gawa, ƙungiyar kuma na karɓar kasonta daga harajin da gwamnati ke raba wa addinai masu rajista gwargwadon yawan mabiyansu.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan biri da gada? Ba aƙidar waɗannan mutane ce ta kawo ni ba, don tsakanina da ita akwai nisan sama da ƙasa. Abin da ya ja hankalina shi ne, mafi yawan ƙungiyoyin maguzancin zamani na Turai da Amurka ba su cika shekara 100 ba, saboda haka a gaban idonmu suke kokawa da tambayar da sauran addinai suka yi ƙarnoni suna fama da ita: wa ya isa ya tsaya gaban jama'a da sunan addini, wa ya ba shi izini, kuma in ya ci amana wa zai karɓe iznin? Suna da amsoshi iri-iri game da naɗi. Game da tuɓewa kuwa, sai da aka cutar da mutane sannan yawancinsu suka fara nema.

Ba kuma 'yan tsiraru ba ne kamar yadda ake zato. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales, mutum 74,000 suka rubuta cewa maguzanci ne addininsu, daga 57,000 a 2011, ban da wasu 13,000 da suka ce su mabiya Wicca ne.

Wicca ɗin nan ita ce reshe mafi suna, kuma daga gare ta matsalar ta fi fitowa fili. A 1951 Birtaniya ta soke tsohuwar dokarta ta hana maita. Bayan shekara 3, wani tsohon ma'aikacin mulkin mallaka da ya yi aiki a Malaya, Gerald Gardner, ya fitar da littafinsa Witchcraft Today, inda ya yi iƙirarin cewa ya gaji wani tsohon addini da ya ɓuya tun zamanin da. Masana tarihi na ganin mafi yawan abin shi ya harhaɗa shi daga littattafai da al'adun ƙungiyoyin asiri na lokacinsa. Tsarin da ya kafa bai san wani abu wai shi makarantar horar da limamai ba. Ana taruwa ne rukuni-rukuni, a al'adance kada su wuce mutum 13, ƙarƙashin wata mace da ake ɗauka babbar jagora, tare da namiji abokin aikinta. Duk wanda aka shigar, daga ranar ana kiransa jagoran ibada, babu wani bambanci na liman da mamu. Matakai uku ne, kuma an saba a jira shekara guda da kwana ɗaya kafin a shigar da baƙo.

Ya kamata a dubi yadda ake shigarwar, domin a nan gizo ke saƙa. A tsarin Gardner, akan ɗaure wa sabon shiga idanu, a ɗaure hannuwansa ta baya da igiya, a kawo shi bakin da'irar da aka zana a ƙasa. Sai a ɗora masa tsinin takobi ko wuƙa a ƙirji, a tambaye shi ko ya shirya. In ya amsa, a shigo da shi, a auna tsawon jikinsa da zare, ya yi rantsuwar ba zai taɓa tona asirin abin da ya gani ba. Namiji ke shigar da mace, mace ke shigar da namiji, kuma a rukunai da dama ba a sa tufafi yayin ibadar. Masu wannan hanya na cewa manufar ita ce mutum ya miƙa wuya bisa cikakkiyar yarda, kuma babu dalilin ƙaryata cewa da yawansu da zuciya ɗaya suke yi. Amma a tsaya a lissafa abin da aka tara wuri ɗaya: ɗaki a rufe, mutum a ɗaure, rantsuwar yin shiru, da shugaba wanda babu kowa a samansa. Idan shugaban na kirki ne, an tsira. Idan mugu ne, tsarin da kansa ya share masa hanya, ya kuma toshe bakin wanda aka zalunta.

Abin da suke dogara da shi a wancan lokaci shi ne salsala: wance ce ta shigar da ni, ita kuma wane ya shigar da ita, har a tuƙe ga Gardner. Ɗaliban hadisi sun daɗe da sanin cewa jerin sunaye kaɗai ba ya isa. Shi ya sa malaman farko ba su tsaya ga isnadi ba, sai da suka kafa ilmin jarhi da ta'adili, suka bi maruwaita ɗaya bayan ɗaya suna faɗin wane amintacce ne, wane mai mantuwa ne, wane maƙaryaci ne, ba sani ba sabo. Mabiya Wicca sun ɗauki salsala, amma ba su tanadi wanda zai fito ya ce wane ba abin yarda ba ne.

Ko salsalar ma ba ta daɗe ba ta tsinke. Da abin ya tsallaka Amurka a shekarun 1960, masu so suka fi ƙarfin masu shigarwa. Raymond Buckland, wanda ya kai tsarin Gardner can, shi da kansa ya fito da wata sabuwar hanya a farkon shekarun 1970 wadda ta yarda mutum ya shigar da kansa. A 1988 Scott Cunningham ya wallafa littafin koyar da mai ibada shi kaɗai, ya kuma samu karɓuwa ƙwarai. Daga nan kowa na iya sayen littafi ranar Asabar, ya wayi gari Lahadi yana kiran kansa babban jagora.

Dokar Amurka ta ƙara wa abin sauƙi. Tsarin mulkinta ya hana gwamnati sa baki a kan wanda addini zai naɗa, don haka kowace ƙungiya ita ke da wuƙa da nama. Wani mutum mai suna Kirby Hensley ya yi wa cocinsa, Universal Life Church, rajista a Kalifoniya a 1962, yana aika takardar naɗi ta gidan waya ga duk wanda ya nema, ba tambaya ba jarrabawa. Yanzu ta intanet ake yi cikin 'yan mintoci. Maguzawan zamani da dama da wannan takarda suka riƙa ɗaura aure, tunda ba su da wata. Takarda ce da ke gamsar da magatakardan aure, amma ba ta shaidar ilimin mai ita, balle halinsa.

Abin da ya tilasta musu gyara ba daga cikin gida ya fito ba. Gidan yari da asibiti da barikin soja ne suka matsa. A 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar wani fursuna na jihar Bajiniya mai suna Herbert Dettmer, ta tabbatar da cewa Wicca addini ne a idon doka. To, in addini ne, fursunan da ke binsa na da haƙƙin a kawo masa mai yi masa nasiha. Sai shugaban gidan yari ya tambaya: wa zan buɗe wa ƙofa, kuma wa zai tsaya masa? Rundunar sojan Amurka sharuɗɗanta sun fi tsauri, domin tana neman digiri na biyu a fannin addini tare da takardar amincewa daga wata hukumar addini da ta sani. A 2006 wani limamin Kirista na soja da ke aiki a Iraƙi, Don Larsen, ya nemi ya sauya zuwa Wicca. Cocinsa ya janye amincewarsa kafin sabuwar ta samu, aka kuwa cire shi daga aikin. A Kalifoniya, wani jagoran Wicca mai suna Patrick McCollum ya yi shekaru yana ƙarar jihar saboda addinai 5 kaɗai take ɗaukar wa limaman gidan yari da albashi, a 2011 kotu ta ce ba shi da hurumin shigar da ƙarar. Nasarar da suka fi tunawa ita ce ta Afrilun 2007, lokacin da ma'aikatar tsofaffin sojoji ta amince a sa tauraronsu mai tsini biyar a kan kaburbura, bayan ƙarar da ƙungiyar Circle Sanctuary ta mabiya Wicca ta shigar tare da matar wani soja, Patrick Stewart, da aka kashe a Afganistan a 2005.

Irin wannan matsi ne ya haifar da makarantu da manhajoji. Cherry Hill Seminary, wadda ke koyarwa ta intanet daga jihar Karolina ta Kudu, tana ba da digiri na biyu a aikin jagorancin ibada, amma ita ba ta naɗa kowa, ta bar wannan ga ƙungiyar da ɗalibi ya fito. Ƙungiyar ADF, ta masu raya addinin tsofaffin ƙabilun Turai, wadda Isaac Bonewits ya kafa a 1983, ta shimfiɗa karatu mai hawa uku, da darussa kan tarihi da tsarin ibada da ladubban aiki da dokar ƙasa da yadda ake tarairayar wanda masifa ta afka wa. A Birtaniya, Pagan Federation da aka kafa a 1971 ita ke tsaya wa masu shiga gidajen yari, a Sikotilan kuma tun 2004 jagororinta ke ɗaura auren da doka ta sani. Ni a ganina wannan ci gaba ne na gaske. Wanda zai zauna da matar da ɗanta ya mutu jiya, ko da fursunan da ke tunanin kashe kansa, bai kamata ya je da kyakkyawar niyya kaɗai ba. Dole ya san lokacin da zai yi shiru, da lokacin da zai ce wannan ya fi ƙarfina, a kira likita.

Sai batun ƙa'idojin ɗa'a. Babbar ƙa'idar Wicca gajeruwa ce, ma'anarta mutum ya yi abin da ya so muddin bai cutar da kowa ba. Tana da daɗin ji, amma ba ta gaya wa jagora ko ya halatta ya nemi ɗalibarsa, ko ya karɓi kuɗi a hannun mara lafiya. Covenant of the Goddess, haɗakar rukunan da aka kafa a Kalifoniya a 1975 don mambobinta su samu takardar shaidar aiki, ta yi ƙoƙarin faɗaɗawa. Ƙa'idarta ta ce ba a sayar da shigarwa ko horo, kyauta ake bayarwa, ko da yake ana iya neman kowa ya kawo nasa kason na ɗawainiyar rukuni. Wannan ya toshe wata babbar ƙofa ta ci da addini, kuma abin yabawa ne. Sai dai a cikin ƙa'idar akwai sharaɗin cewa kowa ya mutunta 'yancin kowane rukuni na tarbiyyar mabiyansa yadda ya ga dama, ya kuma guji tsoma baki. An rubuta shi ne don kare kai daga irin mulkin manyan coci-coci da yawancinsu suka guje wa. Amma garkuwar da ta kare rukuni daga katsalandan, ita ce kuma ke iya kare azzalumin shugaba daga bincike.

Abin da ake tsoro kuwa ya faru. A Disambar 2012 wata kotu a garin Truro na Ingila ta ɗaure wasu dattawa biyu, ɗaya shekara 18 ɗaya 14, saboda lalata ƙananan yara da suka yi shekaru suna yi a bayan rigar tsafi. A Maris ɗin 2014 'yan sanda a New Orleans suka kama Kenny Klein, mawaƙi kuma babban jagora a wani reshen Wicca, da hotunan batsa na yara. A 2017 aka yanke masa shekara 20, ya kuma mutu a gidan yari a 2020. Abin da ya fi girgiza mabiyan ba kamun ba ne. Bayan kamun ne mutane suka fara fitowa suna cewa sun daɗe da yin ƙorafi a kansa a wuraren bukukuwa, aka yi kunnen uwar shegu da su. Dalilin shirun sananne ne: ƙaramar al'umma ce da jama'a ke kallo a karkace, kowa na tsoron kada a tona a ja wa addini zagi. Da wannan tsoro ake yin kitso da ƙwarƙwata a ko'ina.

Labarin Bonewits ya fi kowanne nauyi. Shi ne a 1979 ya tsara wani ma'auni da ake gwada haɗarin ƙungiyar addini da shi, daga 1 zuwa 10: yawan ikon da shugaba ke da shi a kan rayuwar mabiya, da'awar cewa ba ya kuskure, kwaɗayin dukiya, amfani da matsayi wajen neman mata, raba mutum da danginsa, da tsangwamar wanda ya so fita. Ma'auni ne mai amfani, har yau ana aiki da shi. Ya mutu a 2010. Bayan shekara 7 wata mata ta rubuta a littafinta cewa ya ci zarafinta tana ƙarama. Iyalinsa sun musanta, kuma ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotu ba. Amma da wasu ƙorafe-ƙorafen suka biyo baya, a Nuwambar 2019 majalisar ƙoli ta ADF ta fito fili ta barranta daga wanda ya kafa ta, ta cire sunansa daga jerin magabatan da take girmamawa. Ba aikina ba ne in yanke wa matacce hukunci. Abin lura shi ne, ƙungiyar na da majalisar da za ta zauna ta saurara ta yanke, ko da a kan mutumin da ya fi kowa daraja a tarihinta. Rukunin mutum 13 da ke taruwa a falon shugabansu ba su da wannan.

Tun bayan waɗannan abubuwa, bukukuwansu da ƙungiyoyinsu da dama sun rubuta dokokin hana cin zarafi, sun ware waɗanda ake kai wa ƙara. An kuma fara fahimtar cewa rantsuwar asiri ba ta rufe laifi, musamman da yake a jihohin Amurka da yawa doka ta wajabta wa jagoran addini ya kai rahoto in ya san ana cutar da yaro. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Wanda aka kora daga wannan ƙungiya na iya tsallakawa wata jiha ya buɗe tasa, da sabon suna na ibada, tunda babu rajista ɗaya da kowa ke dubawa.

A nahiyarmu ma an gwada wannan hanya. A Gana, wani tsohon fada na Katolika, Vincent Kwabena Damuah, ya kafa Afrikania Mission a 1982 don ya yi wa addinin gargajiya tsari irin na zamani, har daga baya ta riƙa horar da jagorori tana naɗa su. Amma da aka taso da maganar trokosi, al'adar wasu yankunan Ewe ta miƙa yarinya ga gidan tsafi don ta biya laifin da wani danginta ya yi, wadda majalisar Gana ta haramta a 1998, shugabannin Afrikania sai suka tsaya kare al'adar, suna cewa ba a fahimce ta ba ne. A nan tsarin ya fi damuwa da mutuncin masu gidan tsafi a kan 'yancin yarinyar. Horo da takarda ba su da amfani ga mai rauni idan hukumar da ke bayar da su ta ɗauki kanta lauyar waɗanda ta naɗa.

Ƙasar Hausa ta san naɗi a wannan fage tun da daɗewa. Ba a zama ɗan bori sai an yi girka, kuma akwai Sarkin Bori da Magajiya, a Gobir akwai Inna, a Maraɗi akwai Iya, masu faɗa a ji a kan mabiya. Abin da ya fi riƙe mutum a wancan tsari shi ne gari ya san shi, ya san ubansa, ya san wanda ya girka shi, in ya yi abin kunya ba shi da wurin ɓuya. Birni da waya sun kwance wannan ɗauri. Yau mai maganin da ba wanda ya san asalinsa na tallata kansa a Facebook da TikTok, mata na bin sa har ɗaki.

Kada kuma mu ce wannan ciwon arna ne. Laifi tudu ne. Binciken jaridar Boston Globe na 2002 ya nuna yadda cocin Katolika, mai makarantun horo na shekaru da dokoki rubutattu, ya riƙa sauya wa limamai masu lalata yara wurin aiki maimakon ya tuɓe su. Mu ma a Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutane wajen 300 daga wani gidan mari a unguwar Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon bulala a gadon baya, kuma iyaye ne da hannunsu suka kai da yawa daga cikinsu, don sun ji an ce malam ne.

Kirana ga majalisun malamai, da hukumomin makarantun allo da Islamiyya na jihohi, da ƙungiyoyin masu maganin gargajiya shi ne, duk wadda ke ba mutum takardar shaida ta buɗe wurin da mace ko yaro ko almajiri zai kai kuka ba tare da ya bi ta hannun wanda yake ƙara ba. Ta rubuta laifuffukan da ke sa a karɓe takardar, ta miƙa wa hukuma duk abin da ya shafi cin zarafi, sannan ta riƙa sanar da jama'a sunayen waɗanda ta tuɓe, kamar yadda take shelar waɗanda ta naɗa.